Shanun Huɗa da Hannun Jarin Rediyon Yaya

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi. Shi da ya ga abin da ya faru a ƙofar gidanmu ba ya bukatar kowa ya ba Shi labari. Ku ne kuke bukata, ku 'ya'yana da 'ya'yan Yaya, domin wanda aka ba ku gurgu ne, kuma yawancinku ba kwa gida a shekarar, wasu na makaranta, wasu na ɗakunan aurensu, wasu sun tafi neman na kansu. Da niyyata in shiga kabari da maganar nan. Abin da ya sauya mini ra'ayi, ranar sunan jikata a Batsari ina alwala a bayan danga, sai na ji wata mata, wadda ko sunanta ban sani ba, tana ce wa 'yar'uwarta wai wancan tsohon mai farar hula shi ne ya tozarta wansa a bainar jama'a saboda sa ɗaya, ya raba gidan ubansu. Saboda sa ɗaya! Wallahi sai da butar ta suɓuce daga hannuna. Matar da ba ta taɓa taka garinmu ba, ita ce ta haddace tarihina tana rabawa a gidan suna kamar goro. To tunda abin ya kai haka, ku zauna ku ji daga bakin wanda ya riƙe igiyar.

Gidanmu gandu ne tun zamanin Baba, a wani ƙauye tsakanin Safana da Batsari. Gona ɗaya, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya. Da Baba ya rasu ba mu raba ba. Wana Alhaji Bala ya zama babba, ni Idi ina bin sa, mahaifiyarmu Inna tana ɗakinta a tsakiyar gida tana jin motsin kowa. Aiki ya raba kansa da kansa, ni gona da dabbobi, Yaya kasuwa. Kuma kada ku ji zafin da nake ciki ku ɗauka zan rage masa abin da Allah ya ba shi. A ajiyar hatsi ban ga na biyunsa ba a ƙasar nan. Da kaka, lokacin da gero da dawa suka cika kasuwa har mai kaya yana roƙon a saya, Yaya zai bi kasuwanni yana tarawa da araha, ya zuba magani, ya kulle ɗaki, ya jefa makulli a aljihu. Mutane na yi masa dariya, shi yana murmushi. Sai ruwa ya sauka, rumbuna sun yi ƙasa, sabo bai nuna ba, sannan ya buɗe ɗakinsa. Da wannan sana'ar ya je Makka, da ita ya kai Inna, da ita aka yi wa yawancinku aure. Abin da ya sani a duniya shi ne kayan da suka faɗi da kaka za su tashi da damina, kuma shekara da shekaru hatsi bai taɓa ƙaryata shi ba.

Shanu kuwa da muna da garke, ɓarayin daji suka kwashe, kamar yadda suka yi wa mutane da dama a ƙasar nan. Abin da ya tsira mana shanun huɗa biyu ne, Ɗanja da Ɗanbaƙi, su ma don a ranar an kai su garin Tsaskiya wajen abokina Buba, Bafulatanin da ya taya ni horonsu tun suna ƙanana. Shi ma Buba daga baya aka share masa nasa garken. Wanda bai taɓa riƙe garma ba ba zai gane abin da zan faɗa ba. Shanun huɗa ba a sayensu a haɗe, haɗa su ake yi. Sai an sha wahala kafin su yarda da karkiya ɗaya, su san takun juna, wannan ya san inda wancan zai juya a ƙarshen kunya. Ɗanja mai zafin nama ne, Ɗanbaƙi mai sanyi, shi ke riƙe layi. Da su nake huɗe gandu, da su nake yi wa mutane huɗar kuɗi, da su nake jan amalanke in an yi girbi. Tuwon da ake ci a gidan nan, bayan Allah, daga wuyan dabbobin nan biyu yake fitowa.

Rediyon da ta jawo duk wannan kuma Kabiru ne ya kawo ta, babban ɗan Yaya da ke aiki a Katsina. Wata akwati ce mai ɗan faranti da ake kafawa a kan soro ya kalli sama, wai daga tauraron ɗan'adam take ɗauko magana. Rediyonmu ta gida sai ka yi ta juya ta kana farautar tasha a tsakanin duwatsun nan, ita kuwa wannan tas take fita, ga tafsiri, ga ƙwallo, ga labaran duniya. Sai dai duk wata sai an biya, in ba a biya ba ta yi gum. Yaya ya ƙallafa rai a kanta. Ganin haka Kabiru ya ce masa ai kamfanin da ke da ita ana sayar da hannun jarinsa, ko a waya ma ana saye. Ba zan kama sunan kamfanin ba, bai cancanci tawadata ba. A tsakar gida aka yi hirar, Inna tana zaune a bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa.

"Mene ne kuma hannun jari?" in ji ta.

"Kamar watanda ne, Inna," Kabiru ya ce. "Sai dai ba a yanka san. Kowa ya sa kuɗinsa ya samu kaso, san yana raye yana ƙiba, kason kowa yana ƙara daraja."

"To in ya rame fa?"

Aka kwashe da dariya, Kabiru ya ce tsohuwar nan ta fiye tsoro.

Yaya ya zuba ribar hatsinsa ta shekarar a hannun jarin. Kuɗinsa ne, guminsa ne, ban ce uffan ba, ku riƙe wannan da kyau. Ba a jima ba abu ya fara gangara. Duk zuwan Kabiru sai ya nuna masa a waya, farashin jiya ya fi na yau, na yau ya fi na gobe. Wani ne da tuni barci ya ƙaurace masa. Yaya kuwa sai ya gyara hula ya ce kaka ce, masu ƙaramar zuciya ne ke zubar da kayansu, shi ya san wannan wasan tun Kabiru bai iya sa wando ba. Ni dai ina gona, abin da ya dame ni taki da ciyawa.

Sai ga shekarar da aka yanke layin waya a yankinmu saboda sha'anin tsaro, aka kuma rufe kasuwannin dabbobi. Wayoyi suka zama duwatsu a aljihu. Samarin da ba sa ɗaga kai su gaishe ka suka rasa abin yi. Ai kuwa sai ƙofar gidanmu ta zama kasuwa. Da an sauko daga la'asar Yaya zai sa a fito da akwatin a ɗora a kan turmi, jama'a ta cika har gindin darbejiya, daga ƙauyukan kusa ma ana zuwa, mai rake da mai ƙosai suka kafa sana'a. Yaya yana zaune a kan buzu a tsakiya kamar shi ya harba tauraron. Ni na san wana. Da na ga yadda yake bin jama'ar nan da ido, irin kallon da yake yi wa buhuna a kasuwar Batsari, na ce a raina akwai magana. Muna gama shigo da dawa kuwa ya kira ni zaure.

"Idi, ka ga abin da nake gani?"

"Na ga jama'a, Yaya."

"Hadari ne ya fara haɗowa. Abin nan yana ƙasa, ƙasa ƙwarai, masu shi a can birni ba su san yunwarsa ta taso ba. Mu muka fara gani. Yanzu ake saye, ba sai kowa ya farka ba. Hatsina ba zan taɓa ba, lokacin buɗe shi bai yi ba. Shanun nan sun gama aikin bana, zaune suke suna cin harawa a banza. A sayar a zuba. Kafin ruwa ya sauka sai mu sayi biyu bisa biyu."

Sayar da shanun huɗa bayan girbi ba baƙon abu ba ne, ana yi. In sun manyanta a sayar, nan take a sayi ƙanana a fara horo, kafin damina sun iya. Amma a sayar da su suna kan ganiyarsu, a lokacin da kasuwa ke rufe, a zuba kuɗin cikin abin da ko inuwarsa ba ka taɓa gani ba, wannan ban taɓa jin an yi ba. Sai dai a gandu ƙane ba ya cewa a'a. Haka muka tashi, haka na yi wa Yaya tun ina ɗaukar masa buta. Saboda haka ban ce a'a ba. Cewa na yi ya ba ni izini in je Katsina in ga Kabiru, in kuma ga abin da idona, tunda waya ba ta tafiya. Ya yi dariya ya ce in je in sha iskar birni, ko na huta da warin kashin shanu.

Ban yi boko mai nisa ba, amma tambaya ba ta bukatar takarda. Tun a mota na fara. Muna fita inda layi ke kamawa, direban ya jona wayarsa ya sa wa'azi. Na tambaye shi ko ya san rediyon nan ta tauraro, ya ce ya taɓa sa ta a motarsa ya cire, don me zai riƙa biya duk wata alhali duk abin da yake so yana cikin wayarsa. Na sauka na nemi shagon da Kabiru ya sayo tamu. Na same shi, amma fitilun sola da cajar waya ne a gaba, akwatunan suna can ƙurya a jibge, gizo-gizo ya yi musu saƙa. Mai shagon da ya ji na tambaya sai da ya miƙe tsaye don murna, ya ce in faɗi abin da zan ba shi kawai in kwashe. Na zaga wajen masu shayi, na zaga tasha, na zauna a majalisar wasu dattawa bayan azahar. Ba wanda ya ce abin ba shi da daɗi. Kowa cewa yake ai da ana yayinta. Na gane yunwar da Yaya ya gani tamu ce mu kaɗai, kuma ba Allah ne ya saukar da ita kamar yunwar damina ba, doka ce ta kawo ta, ranar da aka ɗage dokar kuma za ta tafi.

Daga nan na wuce ɗakin Kabiru. Bayan mun gaisa ya kawo abinci, na ture kwanon gefe na ce ya dubi girman Allah ya faɗa mini gaskiya, abin nan zai tashi ko ba zai tashi ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, na tsare shi da ido. Can ya ce kamfanin bashi ya yi masa katutu, rance yake ci ya biya rance. Masu biyan kuɗin wata raguwa suke yi, samari ba sa shiga, sai tsofaffin da suka saba. Ya ce wani lokaci farashin yakan ɗan ɗaga in an yi wata sanarwa, sannan ya koma ƙasa da inda yake. Ya ce ba wanda zai rantse ba zai taɓa farfaɗowa ba, sai dai shi bai ga ta inda zai ɓullo ba.

"To kai naka kason fa?" na tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai.

"Na sayar, Baffa. Da daɗewa."

"Ka sayar, ka bar ubanka a ciki?"

"Na gwada gaya masa, ya ce ni yaro ne. Baffa, don Allah, don Annabi, kada ka faɗa masa. Ni na kai shi. In ya ji na zame na bar shi, baki zai yi mini."

Ƙato da shi, mai mata da 'ya'ya, ya riƙe ƙafata yana hawaye. Ni kuma zuciyata ta karye, na rantse masa. Har yau in na tuna rantsuwar nan sai in ji kamar in mari kaina, amma na yi ta, kuma na riƙe ta.

Da na dawo ban tsaya a ƙofar gida ba, ban yi magana da kowa ba. Na jira sai da jama'a ta watse, na samu Yaya a zaure, na roƙi Inna ta zo ta zauna. Ina so ku san wannan, don ana cewa a gaban mutane na fara. Ƙarya ne. A zaure na fara, a durƙushe, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, hatsi yana tashi ne don ciki ba ya haƙuri. Wanda ya ci jiya sai ya ci yau, kuma ba mai ci wa wani. Wannan akwatin fa? Dubi jama'ar da ke cika ƙofar gidanka, wa ke biya a cikinsu? Kai kaɗai. Gari guda yana ji da kuɗin mutum ɗaya. Kuma ranar da aka sako layi, ko mai ƙosan nan ba za ka ƙara gani ba. A birni an wuce wurin, na gani da idona. Wannan faɗuwar ba ta kaka ba ce, Yaya."

Sai ya jefo mini tambaya.

"Kabiru ne ya ce haka?"

Kalma ɗaya zan faɗa magana ta ƙare. Na haɗiye ta.

"Ni na ce."

"Kai ka ce." Ya yi wata 'yar dariya. "Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallon gindin sa, shi ne yau zai koya mini kasuwa."

Na sha zagi a duniya, amma wannan ya shige ni. Gindin san da nake kallo shi ya cika rumbun da yake taƙama da shi. Duk da haka na danne. Na ce in dai sai ya ƙara, ga gyaɗar gayaunata, wato 'yar gonar da nake nomawa ta kaina, ya ɗauka duka ya zuba, na yafe, a bar shanun. Ya ce gyaɗata ko cefanen abin ba za ta yi ba. Inna ta ce, "Bala, ka saurari ƙanenka. Idi, ka bi wanka a hankali." Allah ya jiƙan Inna, ta raba mana magana daidai kamar yadda take raba mana fura muna yara, amma ranar ba rabo muke bukata ba. Yaya ya tashi ya ce zai yi tunani. Ni da wautata na ɗauka an kashe maganar.

Akwai kuma masu cewa matata Lami, uwar wasunku, ita ta zuga ni. Su ji tsoron Allah. Matar nan har kuka ta yi mini, tana cewa, "Malam, ka bar masa, shanu ne, Allah zai ba da wasu." Na ce mata ba shanun kaɗai ba ne, abincin baɗi ne na gidan nan duka, har da 'ya'yan shi Yayan. Ta ce duk da haka. In da zuga ta yi, to ta zuga ni ne in yi shiru.

Ba a yi nisa ba, wata rana na dawo daga duba kara a gona bayan la'asar, na hango jama'a ta fi ta kullum. Rediyo na ta magana a kan turmi, amma ba ita ake kallo ba. An fito da Ɗanja da Ɗanbaƙi daga turke, an tsayar da su a fili, wani mahauci daga Safana yana zagaya su yana latsa cinya, yana ɗaga wutsiya. Tunda kasuwa na rufe, ba manomin da zai saya, sai mai wuƙa. Shanun da na hora da hannuna, horarru, lafiyayyu, za a kai su kan teburin nama a farashin da mahauci ya ga dama. Kuma ba wanda ya gaya mini! Ni da nake tashi da asuba in ba su dusa, ni da nake cire musu kaska, sai a bakin mai rake na ji cewa an kusa sallamawa. Ban san lokacin da na ratsa jama'ar ba. Igiyar da ta fi kusa da ni ta Ɗanbaƙi ce, na fizge ta daga hannun mahaucin na naɗe a hannuna. Wani ya kashe rediyon.

"Saki igiyar nan, Idi," in ji Yaya.

"Ba zan saki ba, Yaya."

"A gaban mutane?"

"Kai ka fito da su gaban mutane."

Ya miƙe daga kan buzu.

"Gandun nan a hannuna yake ko a hannunka?"

"A hannunka yake. Amma gadon Baba ne, ina da haƙƙi a ciki. Ka sayar da naka, ka bar mini nawa."

Liman yana cikin jama'ar, ya taso yana cewa a yi haƙuri, a shiga daga ciki. Yaya ya ɗaga masa hannu.

"Kun ji da kunnenku," ya ce. "Gado yake nema, uwarmu tana raye. To an raba. Daga yau an raba."

Ya juya ya ce wa mahaucin ya tafi da jan. Aka ja Ɗanja yana tirjiya yana waiwaye. Ɗanbaƙi ya yi ta kuka a turke, ya ƙi dusa, ya ƙi ruwa, sai da Buba ya zo ya yi ta lallashinsa da Fulatanci. Washegari naman Ɗanja aka sayar a Safana, har wasu maƙwabtanmu suka sayo. Ku faɗa mini, a cikin wannan duka, wa ya tozarta wa?

Dattawa suka zo aka auna gona, aka raba rumbu, aka raba tukunya. Aka ja katanga ta ratsa tsakar gidan da aka haife mu. Da magina suka iso ɗakin Inna aka ce ta zaɓi ɓangaren da za a juya mata ƙofa, ta ce ita ba ta haifi rabin ɗa ba, su bar mata ƙofarta inda mijinta ya sa ta. Haka katangar ta tsaya a gabanta da giɓi. Kullum kwano biyu ake kai mata, na gidana da na gidan Yaya. Ta ɗan taɓa wannan, ta ɗan taɓa wancan, don kada a ce ta fifita, ta mayar da saura. Muna kallo tana ramewa.

Da ruwa ya sauka aka ga abin da aka yi. Sa ɗaya ba ya jan garma. Buba ya ara mini wani ɗan bijimi da ya rage masa, wanda bai taɓa jin karkiya ba, na haɗa shi da Ɗanbaƙi, wannan na ja gabas wancan na ja yamma, kunyoyin suka fito a karkace har masu wucewa na tsayawa kallo. Yaya kuwa sai da ya bi layin masu huɗar kuɗi, kafin a zo kansa lokaci ya wuce. Shekarar daga ni har shi ba wanda ya cika rumbu. Shanu biyu bisa biyun da za a saya, ko akuya ba a gani ba. Layin waya kuma tuni aka sako shi, kuma kamar yadda na faɗa, ƙofar gida ta koma wayam, sai Yaya da akwatinsa da kaji. Hannun jarin ya taɓa ɗan ɗagawa sau ɗaya, har Yaya ya aiko matarsa ta leƙo ta giɓin katanga ta ce a gaya wa mai sa ɗaya, wato ni, wai hadari ya taso. Kafin sati ya zagayo ya koma ƙasa da inda yake. Yana nan har yau, bai mutu ba bai yi rai ba, kuma Yaya bai sayar ba, yana jiran damina.

Kada wani ya ce ina murna don maganata ta tabbata. Murnar me? Da ma ni ne na yi kuskure, abin ya tashi, Yaya ya sayi shanu ya yi mini gori har in mutu, da ya fi mini. Abin da ke ci mini rai shi ne duk garin nan sun ga yadda ta kaya, amma ba wanda ya taɓa cewa Idi ya yi gaskiya. Abin da suka riƙe kawai ƙane ya ɗaga wa wa murya. Mutanen da suka sha ƙwallo da tafsiri kyauta a ƙofar gidanmu, su ne suka fi kowa yaɗa ta. Kabiru kuwa, wanda da ya buɗe baki sau ɗaya da ba a kai nan ba, duk Sallah sai ya zo ya durƙusa ya ajiye mini shadda, idonsa a ƙasa. Ba shaddarsa nake so ba. Na jira shi ya faɗa da kansa har na gaji. Kafin in ɗauki alƙalamin nan sai da na je wajen Liman na yi kaffarar rantsuwata, na ciyar. Kabiru yana raye, ku tambaye shi in na ƙara masa ko da kalma ɗaya.

Inna ba ta ga wata kaka ba bayan wadda ta biyo, Allah ya yi mata rasuwa. Da muka dawo daga maƙabarta aka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida don karɓar gaisuwa, Yaya ya zauna. Na tsaya daga nesa zuciyata na tafasa, na ce a raina uwa ɗaya ta haife mu, yau dai kam ba zan bari a gan mu a rabe ba. Na haɗiye komai, na cire takalmi, na je na zauna a gefensa har kafaɗata na taɓa tasa. Na ce, "Yaya, ya haƙuri?" Ya dubi gaba, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"A kawo wa Idi tabarma."

Aka kawo, aka shimfiɗa a ɗaya gefen ƙofar. Na tashi na koma. Har aka share makoki, duk wanda ya zo, daga Safana, daga Batsari, daga Babban Duhu, sai ya durƙusa ya yi wa Yaya ta'aziyya, ya miƙe ya tsallako ya yi mini tawa, gaisuwa biyu a kan uwa ɗaya. Tabarmar nan kawo mini aka yi, ba ni na aika a kawo ba.